Guguwar da Ke Rusa Amurka, a Kanmu Take Rarrafe

Ina masu musu? Ku matso kusa, yau da ku nake. Ina nufin ku 'yan majalisar bakin titin Jos da na hanyar Makurɗi, waɗanda ko wata aka ce an gani sai kun tambayi sunan wanda ya gani da na kakansa. Na san da zarar an ambaci mahaukaciyar guguwar teku a cikin hamada, Sarkin Musu zai dire kofin shayi ya ce, "Haba Malam, rage wani abu mana. Guguwar teku a inda ko alwala sai da taimama?" Na gefensa kuma ya ƙara mata gishiri: "To ko da gaske ne, ina ruwan mutumin Lafiya? Mu ba teku, ba hamada, sai doya da riɗi da agushi."

Na biyun ya ci rabin magana, kuma ba zan hana shi rabonsa ba. Irin guguwar nan da ake nunawa a talabijin tana juyi da ido a tsakiyarta ba za ta sauka a Bukan Sidi ba, ba za ta sauka a Tudun Gwandara ba. Ba ta tashi sai a kan teku mai faɗi, wanda ɗuminsa ya kai digiri 26 da rabi, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa kamar mita 50. Tururin wannan ruwan shi ne abincinta, da ta hau tudu ta rasa shi sai ta fara ramewa. Sai iskarta ta kai gudun kilomita 119 a awa sannan ake ba ta cikakken suna na mahaukaciya. Mu kuwa tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita, tekun namu na kudu kuma ya yi kusa da tsakiyar duniya, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska, ga shi yakan yi sanyi a tsakiyar damina. Ko da za a tafasa Dam ɗin Doma a haɗa da kogin Amba, ba za su ciyar da ita na minti biyar ba. To, ku tafa. Amma kada ku tashi, shayin bai ƙare ba.

Ku tambayi kowane manomi a Shabu ko Agyaragu ta ina hadarin gaske yake tasowa, zai nuna muku gabas ba tare da ya ɗaga kai daga kunya ba. Shi bai karanta ko shafi ɗaya na ilimin yanayi ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da tauraron ɗan'adam yake gani. Ga yadda abin yake. A damina rairayin Sahara yana ɗaukar zafi mai tsanani, iskar da ke kan tekun kudu kuma tana da sanyi da laima. Wannan bambanci na zafin arewa da sanyin kudu shi ke haifar da wata iska mai gudu a sama, tsayin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, tana tafiya daga gabas zuwa yamma. A watan Agusta tsakiyarta takan bi ta saitin Kano da Katsina da Maraɗi. Iskar ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi, kuma kowace lanƙwasa takan kwaso tarin hadari. Tsaunukan Habasha da Jabal Marra na Darfur su ne manyan wuraren da abin yake farawa, duwatsun Kamaru da na Ayar da tudun Jos, wanda ke nan bayan gidanmu, suna ƙara masa wuta. Duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai wata lanƙwasar ta ratso, ta bi ta kan Chadi da Najeriya da Nijar da Mali, ta faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da Gini. Shi ya sa a marka za ku ga an yi kwana biyu ana tafka ruwa, a ɗan huta, a sake dawowa. A shekara akan ƙirga irinsu wajen 60.

Yawancinsu a teku suke mutuwa, ba wanda ya san da zamansu. Amma 'yan kaɗan sukan tarar da ruwa mai ɗumi a kusa da tsibiran Kef Bade, su fara juyi, su yi ƙiba. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin 100 na guguwowin Atlantika masu suna, da wajen kashi 85 cikin 100 na mafi muninsu, daga wannan hadari na Afirka suke samo asali. Wato yarinya ce da aka haifa a gidanmu, a tsakar gidanmu ta yi rarrafe tana yaye mana kwano, sai teku ya ɗauke ta riƙo, ya ciyar da ita ta ƙoshi, Turawa suka raɗa mata suna, ta je ta hana su barci. Wadda aka kira Andrew ta bar gaɓar Afirka ranar 14 ga Agustan 1992, bayan kwana goma ta rugurguza kudancin Florida. Irma ta fita a ƙarshen Agustan 2017, ranar 6 ga Satumba ta isa tsibirin Barbuda da iska mai gudun kusan kilomita 285 a awa, ta lalata kusan duk wani gini, har aka kwashe mutanen tsibirin gaba ɗaya. Wata kuma, Fred, ba ta ma jira ta yi nisa ba, a ƙarshen Agustan 2015 ta juyo ta daki Kef Bade ɗin kanta, abin da rabon a gani tun 1892.

Kullum kuna kuka a majalisa cewa ƙasar nan ba ta fitar da komai waje sai ɗanyen mai da riɗi. Ga kaya nan muna fitarwa duk damina, ba kwastan, ba haraji, ba mai tsayar da shi a shingen hanya ya ce a kawo na goro.

Na ji Sarkin Musu yana gyaran murya: "Wato kana nufin iskar da ta ɗauke rufin shagona bara ita ce ta je Amurka?" Ranka ya daɗe, ban ce ba. Mai yiwuwa taka ko Keffi ba ta kai ba ta watse, musamman in ta farkon damina ce, irin ta Afrilu da Mayu mai zuwa da ƙura da fushi. Abin da na ce shi ne gida ɗaya suka fito, kuma a Agusta da Satumba wani hadarin da ya jiƙa ka yana cikin ayarin da zai ƙetare teku. Ba ni na ƙirƙiro ba. A 1990 wani masani na Jami'ar Jihar Colorado mai suna William Gray ya nuna cewa shekarun da damina ta yi albarka a yankin Sahel, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa ƙarshen shekarun 1960, manyan guguwowi sun fi yawan dukan gabashin Amurka, a shekarun fari na 1970 da 1980 kuma suka ragu. Lokacin da iyayenmu ke ganin tasku a farin 1973 da na 1984, masu gidaje a bakin tekun Florida hutawa suke yi. Kuna ganin banza ce ta sa masana daga Turai da Amurka suka yi sansani a Yamai a 2006 suna harba balan-balan sama suna auna hadarinmu? Ba don son fura ba ne.

Abin dariyar kuma, hamadar da ta haife ta ita ce ke shaƙe ta. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi ne da ya ƙafe. Mafi yawan hazon da ke fasa muku leɓe da hunturu, ya sa ku shafa man kaɗe har a dunduniya, daga can yake tasowa. Hukumar NASA ta ƙiyasta a 2015 cewa wajen tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga Sahara zuwa kan Atlantika a shekara, wajen tan miliyan 27 kuma yana sauka a dajin Amazon ya zame masa taki. A watannin Yuni da Yuli wannan busasshiyar iska mai ƙura takan shimfiɗu a kan teku, in jaririyar guguwa ta shaƙe ta sai ta bushe ta mutu. Sai ƙurar ta lafa a Agusta sannan kasuwar guguwa ke ci.

Yanzu mu dawo kan mai taimama, wanda ya ce guguwar teku da hamada ba sa haɗuwa. Malam, ka san Oman? Ƙasa ce a kudu maso gabashin Saudiyya, duwatsu da rairayi, wadda wasu sassanta sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba. A Yunin 2007 guguwar Gonu, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a tekun Larabawa, ta dake ta. Titunan Maskat suka koma koguna, motoci suka hau kan juna, mutum wajen 50 suka rasu, asara ta kai wajen dala biliyan 4. A Nuwamban 2015 Chapala ta faɗa wa Mukalla a Yaman, mako guda bayanta Megh ta bi sawu ta daki tsibirin Sokotra. A Mayun 2018 Mekunu ta sauka kusa da Salala a Oman, ta zubar da milimita 278 cikin kwana ɗaya, fiye da ninki biyu na abin da garin ke samu a shekara. Ta wuce cikin Rub'ul Khali, hamadar da Larabawa da kansu ke tsoron ratsawa, ta bar tafkuna a tsakanin tuddan rairayi.

Kuma ba a nan labarin Mekunu ya tsaya ba, wannan ɓangaren na manoma ne, su buɗe kunne. Rairayin da ya jiƙa ya fitar da ciyawa, fara ta samu wurin ƙwai. Kafin ƙasa ta bushe, a Oktoban shekarar wata guguwar mai suna Luban ta sake jiƙa wurin. Fara ta hayayyafa zuriya uku a inda ba mai gani balle feshi, har Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yawanta ya ninka wajen sau 8,000. Daga nan farin dango suka bi ta Yaman, inda yaƙi ya hana a tare su, suka ƙetare zuwa Habasha da Somaliya, a farkon 2020 suka mamaye Kenya, wadda rabonta da irin wannan tun shekara 70. Dangon da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya kan cinye abincin mutum 35,000 a yini. Guguwa ta faɗi a hamadar Larabawa, bayan wata ashirin manomin da bai taɓa jin sunan Salala ba yana kaɗa garwa a gonarsa yana korar fara. Wanda ya ce "ina ruwana" sai ya sake lissafi.

Alhaji, kai da ka je Makka sau ba adadi kana ba mu labarin zafinta, kai ne ya kamata ka fara gaskata ni. Ruwan da ke cin Makka da Jidda ba na irin wannan guguwar ba ne, amma darasin ɗaya ne: gari a cikin kwari, duwatsu kewaye, ƙasa ba ta shan ruwa. A 1630 ambaliya ta rushe bangon Ka'aba, aka sake ginawa a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Murad na Huɗu. A 1941 ruwa ya cika Harami har aka ɗauki hoton masu ɗawafi da iyo. A Nuwamban 2009, ana tsakiyar aikin Hajji, ruwan 'yan awoyi ya kashe mutum fiye da 100 a Jidda. In ka ce ba ka ji ba, to kasuwa ka tsaya.

Amurkar ma tana da hamadarta. Kwarin Death Valley a California, inda aka auna zafin digiri 56.7 a 1913, ruwansa na shekara bai wuce milimita 56 ba. Ranar 20 ga Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zuba masa wannan adadin cikin yini ɗaya. Hanyoyi suka yanke, aka rufe wurin kusan wata biyu, tafki ya fito a inda gishiri ne kawai, da aka ƙara wani ruwan a farkon 2024 har mutane suka shiga da ƙananan kwale-kwale. A Satumban 2024 kuma, ta wata hanyar daban, ruwa ya sauka a Saharar Maroko, garin Tagunit ya samu fiye da milimita 100 a kwana ɗaya, tafkin Iriki da ya yi shekara 50 a bushe ya cika.

Na san abin da mutumin Lafiya zai ce: "Milimita 56? Wannan ai yayyafi ne, mu da muke samun fiye da 1,000 a shekara." Daidai ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ƙasar da ta shekara a bushe takan yi ɓawo mai tauri, ba ciyawa, ba saiwar itace da za ta riƙe ruwa. Abin da ya sauka a kan dutse duk gangarawa yake yi lokaci guda cikin busasshen kwari. Kwarin nan kuwa shekara da shekaru ba a ga ruwa a cikinsa ba, har mutane sun manta dalilin da ya sa yake da zurfi, sun yanka filaye, sun yi gini, sun kafa kasuwa. A hamada iskar guguwa ba ita ce babbar makashiya ba, ruwanta ne.

A nan zan ajiye zolaya na ɗan lokaci, don maganar Darna ba ta wasa ba ce. Gari ne a gabashin Libiya, a bakin Bahar Rum, wani kwari da yawanci a bushe yake ya raba shi biyu. A saman kwarin akwai madatsun ruwa biyu da aka gina a shekarun 1970. A 2022 wani malami na Jami'ar Omar Al-Mukhtar ya rubuta cewa in ba a gyara su ba, babban ruwa zai jawo bala'i. Ba a gyara ba. Ranar 10 ga Satumban 2023 guguwar Daniel, bayan ta gama da Girka, ta iso. Garin Baida da ke kusa ya samu milimita 414 cikin kwana ɗaya. Cikin dare madatsun biyu suka ɓalle, ruwa ya share unguwanni sukutum ya zuba su a teku. Gawarwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, dubbai kuma har yau ba a san inda suke ba. Allah ya jiƙansu.

Shekara guda cif bayan haka, ranar 10 ga Satumban 2024, Dam ɗin Alau ya ɓalle, Maiduguri ta kwana a ruwa, kamar yadda ya taɓa faruwa a 1994. Wannan ba guguwar teku ba ce, daminar Sahel ce da ta yi nauyi, wato ita yarinyar tun tana gida. A daminar nan ɗin Nijar ta rasa mutum fiye da 300, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Kafin su, a farkon Satumban 2009, ƙoramar Telwa ta fasa shingenta ta shiga Agadas, garin da in aka ce hamada shi ke fara zuwa a rai.

To ku Barebarin Lafiya, jikokin Dunama, da ku nake yanzu, kuma ni ba Bafulatani ba ne balle ku ce tsohon wasa ne ya motsa. Kakanninku sun baro Borno fiye da shekara 200, suka gangaro inda ciyawa ke kore suka kafa gari. Ga gidan da aka baro can cikin rairayi ya nutse a 2024, ku kuma kuna nan kuna ce mini ruwa ba ya cin ƙasar fari. Ku buga waya Gwange ta Maiduguri ku yi musu wannan musun mana, mu ji amsar da za ku samu. Fulanin da ke dariya a gefe su ma su rage, don wanda ya kafa ruga a cikin fadama saboda ciyawa ba shi da bakin yi wa Babarbare dariya. 'Yan'uwanmu Eggon dai sun fi mu dabara tun asali, da suka zauna a kan dutse.

Akwai musun da ya fi duk waɗannan nauyi, na dattijon da zai ce, "Yaro, ruwa na Allah ne, masu cewa gobe za a yi ruwa shisshigi suke yi." Baba, Allah ya ƙara girma, ruwa na Allah ne, babu ja. Amma kai ne ka koya mana cewa in shamuwa ta dawo a gyara garma, in tururuwa ta fara kwashe ƙwai a kwashe shanya, in gabas ta haɗe a kira yara gida. Ba wanda ya ce ka shiga gaibu. Ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet wannan duban suke yi, sai dai su daga sama suke hangowa, suna ganin hadarin tun yana Chadi, kwana biyu kafin ya iso mu. Sukan yi kuskure, kamar yadda tururuwa ma takan kwashe ƙwai a wayi gari ba ɗigo. Amma mai kayan kara da aka ce masa iska na tafe ya tsaya musu, shi zai sha wahala.

Mu a nan namu kwarin ba na hamada ba ne, amma halin mantuwar iri ɗaya ne. Mutanen Loko da Tunga da Umaisha, da ke bakin Binuwai, sun ga ambaliyar 2012 sun ga ta 2022, ba sa bukatar wa'azina. Na cikin gari ne abin ji. Dillali zai kai ka fili a watan Fabrairu, ƙasa ƙeƙasasshe, ya rantse maka ko kaza ba ta taɓa jiƙa a wurin ba, alhali ga yashi mai laushi kwance da shara maƙale a gindin itatuwa, shaidar inda ruwa ya bi bara. Ka saya da araha, ka zuba bulo, ka toshe hanyar, ruwa ya zo a Agusta ya tarar da falonka a kan titinsa. Lambatun unguwa mun cika shi da ledar fiya wata. Mangwaro da ɗorawar da ke karya ƙarfin iska mun sare mun yi gawayi. Kafinta ya ce a sayi katako mai kauri da ƙusa isasshiya a ɗaure rufi da ƙarfe, mai gida ya ce a rage, sannan in iskar Afrilu ta kai kwanon gidan maƙwabci a ce aikin maƙiya ne. Kwazazzaban da ke cin bayan unguwanni kuma kowace damina ƙara baki suke yi, muna kallo muna cewa na gwamnati ne.

Saboda haka Sarkin Musu, ga abin da nake roƙo, kuma ba sai ka yarda da ni ba. In Agusta ta kama, ranar da aka tafka ruwa mai iska daga gabas, rubuta kwanan watan a bangon shago. Ka sa yaronka mai waya ya buɗe maka hoton tauraron ɗan'adam a intanet, ku bi tarin hadarin da ido yana tafiya yamma, ta Bamako, ta Dakar, har ya faɗa teku. In ya watse a hanya, ka ci, ni zan biya shayin majalisa har da ƙwai. In kuwa bayan mako biyu ka ji BBC Hausa na kiran wata guguwa da sunan Bature tana dosar Amurka, to kai za ka biya. Kafin nan dai, a yashe lambatun ƙofar gida, a kira kafinta ya duba rufi, kuma duk wanda zai sayi fili a garin nan ya bari sai marka ya je ya gani da idonsa.